Na Ƙarar da Ɗana a Gaban Kyamara

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki ɓoye sunana, ko da yake ban san amfanin ɓoyewar ba, tunda fuskata ma a manne take a bayan motocin haya.

Ni 'yar fim ce. Idan kina kallon talabijin kin san ni. Ni ce matar nan da kullum ake kawo wa mugun labari a bakin ƙofa, ta zube ta yi ta kuka. Na daɗe a sana'ar nan, ba a taɓa ba ni rawar hajiya mai mota ba, ba a taɓa ba ni ta barkwanci ba. Kuka dai. Sauran 'yan wasa sai mai kwalliya ta shafa musu man zafi a ƙasan ido kafin hawaye ya zo. Ni ban taɓa yarda ba, har hura hanci nake yi. Da an ce a fara ɗauka, idona ya cika. 'Yan jarida suna cewa baiwa ce, ni kuma in yi murmushi in ce daga Allah ne.

Ba baiwa ba ce, Anti. Ɗa na taɓa haifa, shi kaɗai. Direba muke ce masa, saboda murfin tukunya yake ɗauka ya yi ta tuƙi a tsakar gida, kuma in bai yi miki hon da baki ba, ba ki isa ki wuce ba. Yana ɗan shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi asibiti, bai dawo ba. Da aka gama komai wata nas ta miƙo min kayansa a leda. A ciki akwai takalminsa, irin na yara mai yin tsuwa in an taka. Ina tafiya a barandar asibitin, ledar tana bugun ƙafata, takalmin yana tsuwa. Duk takun da na yi sai ya amsa. Wannan barandar nake komawa duk lokacin da kuka ga ina kuka. Aurenmu da ubansa bai jima ba bayan nan, ba don wani faɗa ba, mun dai kasa zama ɗaki ɗaya ne. Ya yi wani auren, yana can yana gyaran firij ɗinsa, bai taɓa yi min maganar fim ba.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa darakta. Shi ne ya fara sa ni a fim, shi nake bi har yau, ina ganin girmansa kamar yayana. Wata rana wuta ta ɗauke a wurin ɗaukar fim, muna zaune a kan akwatunan fitilu muna jiran a tada janareta, ya tambaye ni yadda nake yi. Na ba shi labarin duka. Har ya share ido. Tun daga ranar, duk fitowar da ke buƙatar kuka, sai ya bar wajen allon da yake kallon ɗaukar ya zo daf da kunnena ya ce, "Tuna ledar nan." Shi ke nan, ya koma ya zauna. In mai sauti ya ce babur ya wuce, a sake. In fitila ta yi rawa, a sake. A yini ɗaya sai in shiga barandar nan in fito har in rasa lissafi, kuma a tsakani ana miƙo min ruwan sanyi ana gyara min hoda.

To bara abin ya ƙafe. Na tuna ledar, na ji tsuwar, babu komai. Kamar ina tuna fim ɗin wata. In na rufe ido ina neman fuskar yaron, fitila nake gani da mai kyamara yana ɗaga min hannu in matsa hagu. Na je gidan mamata kwanakin baya, hira ta kai mu kansa. Mama ta yi kuka, yayata ta yi kuka, ni ina zaune kamar kujera. Yayata ta kalle ni ta ce ai sai an kunna min kyamara tukuna. Wai wasa take yi. Aka yi dariya, har da ni. A mota na riƙe sitiyari na roƙi idona ko ɗigo ɗaya, ya hana ni.

Daraktan ya lura, dole. Ina tsammanin zai ce in huta. Sai ga labarin sabon zangon shirinmu an kawo min gida. A ciki ɗan matar da nake fitowa a matsayinta zai mutu a asibiti, nas za ta miƙo mata leda, ta bi baranda, takalmi yana tsuwa. Ko ɗigo bai canza ba. Mai kula da kayan wasa har ya kira ni cikin ladabi yana tambaya wane launi ne takalmin, wai oga ya ce ni zan fi sani. Da na tunkare shi bai ma ji kunya ba. Ya ce wannan fitowar ce za a riƙa tunawa da ni da ita, kuma ita za ta dawo min da hawayena. Ya kuma ce, yana duba wayarsa, in har ba za ta yiwu ba, marubuta za su iya tura matar shirin zuwa ƙasar waje ta zauna can. Kin san ma'anar wannan a wurinmu, an cire ni daga shirin ke nan.

Anti, raina a ɓace yake, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Mutanen nan da suke tare ni a kasuwa suna cewa na sa su kuka, ɗana suka sha da shayinsu ba su sani ba. Ba ni da wata sana'a, Mama a hannuna take, kuma yara sababbi masu santsin fuska sun cika layi suna jira. Wani lokacin sai in ce in yi, wataƙila in na riƙe ledar da hannuna zan sake jin ɗana ko sau ɗaya. Wani lokacin in ce in na yi ban ji komai ba fa, a gaban mutane, me ya rage min? In yi ko in bari?

Mai hawayen haya

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan yaronki, ya sanyaya zuciyarki. Amsata a taƙaice ita ce kada ki yi fitowar nan yadda aka rubuta ta. Ga dalili.

Zan fara yi wa daraktan adalci. Bai saci labarin ba, ke kika ba shi, kuma shekaru kina amsa kiransa ba ki taɓa ce masa ya isa ba. Mai yiwuwa a ransa gani yake taimakonki yake yi. Amma amana aka ba shi a kan akwatin fitila, ba labarin fim ba. Ranar da ya tura a tambaye ki launin takalmi, ya wuce iyaka. Sannan barandar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Akwai mai gyaran firij da zai iya ɗaga kai a shagon wani ya ga mutuwar ɗansa a talabijin, tsakanin tallar sabulu da ta waya. Akwai Mama. Ba wanda ya tambaye su.

Ki same shi ku biyu, ba a wurin ɗauka ba. Ki ce za ki yi fitowar mutuwar yaron, amma ba leda, ba takalmi, kuma daga yau an daina raɗa a kunne. In ya ƙi, ki kai maganar gaban mai shirin, ki kuma fara sanar da wasu daraktocin cewa kina da lokaci. Ba zan yi miki ƙarya ba, za su iya tura matar zuwa ƙasar waje, kuma za ki ji jiki na wani lokaci. Amma shirin da ya jingina da fuskarki shekaru ba ya sakin ta da sauƙin da ake nuna miki. Ki kuma sauke girman kan nan, ki bar mai kwalliya ta shafa miki man zafi kamar kowa. Aiki ne, ba ha'inci ba. Yayarki kuwa ki gaya mata a fili cewa maganarta ta yi miki ciwo, ina zaton ba ta san abin da kike ɗauke da shi ba. In da hali, ki ga likitan da ke sauraron masu irin wannan damuwa.

Saura babbar maganar. Kin ce kin ƙarar da ɗanki. Ban yarda ba. Abin da kika ƙarar rana ɗaya ce, ranar ƙarshe, ita kika yi ta bi har ta suɗe. Yaron nan shekara huɗu ya yi a duniya. A duk wasiƙarki, ba a wajen ledar na ajiye takarda ba, a wajen murfin tukunya ne. Wannan ba ki taɓa kai wa kyamara ba, kuma kin rubuta shi kamar jiya ya yi miki hon.

Ki je wajen Mama, ki kashe waya, ki ce ta ba ki labarin Direba, banda asibiti. Kada ki jira hawaye, babu mai ɗaukar ki a kyamara. In dariya ce ta fara zuwa, ki bar ta ta wuce, hanyarta ce.

Allah ya ba ki mafita, ya bar miki abin da yake naki.

Antinki