Agwagin Gadona

Fakku, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da ɗalibanka na Tambuwal. Mu ma lafiya lau, cikin yana motsi, ya shiga wata bakwai. Na rubuto ne don wayar gidan nan tana hannun Inna, kuma maganar tata ce.

Ka san agwagi huɗun da mahaifiyata ta bar mini, Allah ya jiƙanta. Tun da babur ya take toronsu, sai su huɗun kaɗai, duk mata. To, farar cikinsu, Fara, ta tsiro da wani hali. Sai ta cafki ƙeyar 'yar'uwarta, ta danne ta, ta haye kamar namiji. Da na fara gani dariya na yi. Shekaranjiya ta yi a gaban Inna, tana cikin daka, sai da ta saki taɓarya tana salati.

Inna ta ce tamkar kaza ce ta yi cara, mugun abu ne ya shigo gida, kuma shi ya ɓarar mini da ciki biyu. Ta ce ranar Juma'a za a yanka ta. Ni ba na iya musu da mahaifiyarka. Kai ne malami, kai take ji. Don Allah ka rubuto mata cewa canfi ne, ka kuma nemo mana toro a kasuwa.

Taka har kullum,
Husaina.

Fakku, ranar Laraba.

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya karatu? Takardarka ta iso. Ka ce in yi haƙuri, agwagwa ce kawai, kar in ɓata wa tsohuwa rai. Lallai ka iya fatawa daga nesa.

An yanka Fara. Ni aka ba gyara, na tarar da ƙwai jere a cikinta, ƙanana da manya. Inna ta zuba mini romon da hannunta, tana ta yi mini addu'a. Na sha, don ban san yadda zan ƙi ba, na je bayan ɗaki na amayar.

Kwana uku da yankan, sai Wake, mai ɗigon baƙin nan, ta ɗauki halin. A nan na gane abin. Na zauna na lura da su wuni guda. Wadda ke hawan ita ke fara sa baki a kaskon dusa, ita ke fara shiga kwatami, sauran su kauce mata. Shugabanci ne, Malam, ba aljani ba. In an cire babba, ta biyu ta gaje ta. Na yi wa Inna bayani a tsanake. Ta ce ai shi ne abin ya fita daga waccan ya koma wannan.

Jiya aka yanka Wake. Saura biyu. Ba na jin haushin Inna, tsoro ne ya cika ta, ta rame fiye da ni saboda cikin nan. Amma mahaifiyata ba ta bar zane ba, ba ta bar ɗan kunne ba, asibiti ya cinye komai. Kakannin waɗannan agwagin ta kiwata tun ina goye. In suka ƙare, ba ni da abin da zan nuna wa ɗanka in ce na kakarsa ne. Ka zo, ina roƙonka.

Husaina.

Fakku, ranar Litinin.

Malam,

Ina gaishe ka, ina fata ka tashi lafiya. Na ji jarrabawar ɗalibai ta hana ka zuwa.

Kwana huɗu ina zaune tsakar gida da kara a hannu ina raba su, ƙafafuna a kumbure. Na ɗaure guda da igiya, ta kusa karya ƙafa. Yau da hantsi ina wanke-wanke, ƙaramar ta haye babbar. Allah ya sa Inna ta tafi barkar suna.

Kwandon da Sambo mai kabu-kabu zai miƙa maka tare da wannan takarda, ƙaramar ce a ciki. Ka ba ta ruwa da zarar ta iso, hanyar Kebbe ba ta da kyau.

Da Inna ta dawo, na ce mata ƙaramar ta ɓata. Shekara shida ina gidan nan ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ta dafa cikina, ta ce alhamdulillahi, masifar ta fita da ƙafarta, ta yi ta kuka don murna. Na tsaya ina kallonta.

Ka nema wa agwagwar toro. Ni kuma ka nema mini gafara wurin Allah, don ban yi nadama ba tukuna.

Matarka,
Husaina.