Ƙarshen Labarina Ba Zai Hau Sama Ba

Tunga, daren Talata, watan Maris 2013

Yau ni da jikata Asabe saura kaɗan mu kwashi 'yan kallo. Ta dawo daga jami'arsu ta Gidan Kwano da kwamfutarta, za ta sa labarina na mahauci da kare a shafin da ta buɗe mini a intanet, wai bulog. Na leƙa, rubutu ya cushe kamar motar Beji ran kasuwa. Ta ce za ta yanka shi gunduwa-gunduwa don ido ya huta. Na yarda, amma sai a yanka inda nake tsayawa in ciji goro. Na sake ba da labarin, duk inda na yi shiru ta bar fili. Ya kuwa yi kyau, ba tabarau na karanta shi.

Sai ta ɓullo da wata, wai a ɗauko ƙarshen labarin a sa a sama da manyan baƙaƙe. "Kaka, mutanen yanzu ba su da lokaci."

Na ce, "Mai sauri ya je ya hau acaɓa." Shekara arba'in ina jan ran yara kafin su san wa ya ci naman, yau a tona mini a layin farko?

Ta nace. Na ce, "To sa. Ni ma da safe zan ba babanki labarin saurayin nan mai jiran ki a bakin titi, kuma daga ƙarshe zan fara."

Ƙarshen labarina yana can ƙasa, inda na ajiye shi.