Saƙon Gobarar 'Yata a Wayata Yake Sauka

Assalamu alaikum Malam Muntaka. Don Allah ka taimaka mini da shawara, na rasa inda zan sa kaina, kuma kowa a gidanmu dariya yake mini.

Ni ɗan kasuwar busasshen kifi ne a Haɗeja. 'Yata ta fari, Maijidda, tana karatu a jami'a a Dutse, a ɗakin kwanan ɗalibai take zaune. Makarantar tana da tsarin da idan wani abu ya taso, gobara ko tarzoma ko makamancinsu, sai ta tura saƙo wayar kowane ɗalibi a lokaci guda. Lamba ɗaya kowane ɗalibi yake bayarwa. Ranar rajista ni na raka ta, da aka zo wajen lambar sai na ce a sa tawa. Ta ce Baba ai ta ɗalibi ake nufi. Na ce ni na haife ta, ni zan fara jin abin da ya same ta. A ganina na yi dabarar da babu uban da ya taɓa yi.

Malam, na ji daɗin abin ba kaɗan ba. Za a rufe ƙofar baya, na sani. An ga maciji kusa da ɗakin karatu, na sani. Ina zaune cikin warin kifi ina jin kaina kamar shugaban masu gadin jami'a.

Sai ranar Talatar makon jiya bayan azahar saƙo ya shigo: gobara a ɗakin kwanan mata, kowa ya fita filin taro. Ashe gwaji ne, kuma tun ranar Litinin sun aiko da sanarwa, ni kuwa na goge ta a zaton tallar kamfanin waya ce. Na bar rumfa a buɗe. Na kira mahaifiyarta, na kira yayana Alhaji Sale, na kira limamin unguwarmu na ce a sa mu a addu'a, na tura saƙon zauren danginmu na waya. Muka ɗauki shatar mota mu huɗu. Sai da muka kusa Kiyawa direba ya tambaye ni abin da yarinyar ta ce. Malam, duk garin Haɗeja na kira, ita kaɗai ce ban kira ba.

Da na kira sai ta ɗauka da wata murya mai sanyi da ban san ta da ita ba. Ta ce duk ɗalibai sun fita, ita kaɗai aka rasa. Mai kula da su ta hau bene ta same ta a ɗakin ƙarshe, ƙofa a rufe, ta toshe kunne tana sauraron darasi a waya. Wayar tana hannunta fa! Da lambarta ce a wurin, da a kunnenta saƙon zai buga.

Yanzu yaran gida Sarkin Kwana-kwana suke kirana a bayan idona, Alhaji Sale kuwa a gabana yake faɗa. Wannan duk zan iya shanyewa. Abin da ya hana ni sakat shi ne Maijidda ta ce in yarda ta canza lambar, kuma tun daga ranar nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san tana da gaskiya. Amma in na saki lambar nan, wani abu ya faru ina nan ina auna kifi ban sani ba fa? Tsoro nake ji, wallahi. Yaya zan yi?

Naka, wani uba daga Haɗeja.

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma ban ga sakarci a zuciyarka ba. Uban da zai bar rumfa a buɗe saboda 'yarsa ba abin raini ba ne, kuma tsoronka na zama cikin duhu tsoro ne na gaskiya. Ita ma Maijidda ba raini ne ya sa ta yi sanyi ba. An same ta ita kaɗai a bene a gaban ƙawayenta, kuma ta fahimci abin da zai faru da a ce wutar ta gaske ce.

Saƙon nan ba labari ba ne, umarni ne ga wanda ke cikin ginin. Kai kana nesa, ba ka da ƙofar da za ka bi. Don haka ka kira ta yau, ba gobe ba, ka ce ta sa lambarta. Ka kuma ba ta haƙuri da bakinka, girmanka ba zai ragu ba.

Sannan ku yi yarjejeniya. Duk lokacin da saƙo irin wannan ya zo, ta fara fita tukuna, in ta isa filin taro ta turo maka cewa tana lafiya. Kai kuma kada ka dame ta da kira tana gudu. Ka karɓi lambar abokiyar ɗakinta, ka tambayi makarantar ko suna da layin da iyaye ke kira. Ka ce mata ta san hanyoyin fita daga benensu, ta riƙa barin waya da caji. Zauren dangi kuma a bar shi sai an tabbatar da magana, domin gudun da kuka yi a mota ranar nan ya fi gwajin haɗari.

Za ka zama na biyu wajen jin labari, kuma hakan zai yi maka ciwo da farko. Amma in ranar gaske ta zo, Allah ya kiyaye, ba za ka yi alfahari da cewa kai ka fara ji ba. Abin da za ka so ji shi ne ta fito.

Allah ya tsare Maijidda da sauran ɗalibai, ya sa albarka a karatunta, ya kwantar maka da hankali.

Malam Muntaka