Muryar Akwatunan Baba

Ƙofar Kwaya, Katsina
Litinin

Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya Kaduna? Inna tana gaishe ki, ta ce kin yi nisan kiwo. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Babaji direba. Wayata ta faɗa kwata ranar ruwan nan, har yau tana wajen mai gyara.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Kin tuna hutun da kika sa makirufo gaban akwatunan lasifikar Baba, Babba da Ƙarami, kika ɗauki abin da kika kira hoton muryarsu, kika zuba mini a na'urar da nake takawa da ƙafa? Tun da gara ta cinye akwatunan, da wannan hoton nake kiɗa, Babba ta dama, Ƙarami ta hagu. Duk wanda ya ji jitata ya san ɗan marigayi Habibu mai jita ne ke wurin.

To jiya a bikin Batagarawa na'urar ta kunyata ni. Malam Bala, shugaban ƙungiyarmu, ya ɗauko sabuwar waƙa mai son amsa-kuwwa, ina taka maɓallin sai jita ta yi ƙarrr ta ɗauke, ana tsaka da wasa uwar ango. Mata suka tsaya da rawa suka juyo. Da muka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Sada, mi ya hwaru? Wanga abu ya ishe ni. Ran Asabar muna da bikin gidan Alhaji Umair. In ta sake yankewa, ka tahi da abinka gida, Mubarak shi riƙe wurin da fiyano."

Kin san duk ƙungiyoyin da na sani sun koma fiyano. In Malam Bala ya sallame ni, ban san wanda zai ɗauke ni ba. Tsoro nake ji, ban ɓoye miki ba. Ke kika yi karatun lantarki, ki duba mini.

Allah Ya sada mu da alheri.
Yayanki,
Sada

Kaduna
Talata

Yaya Sada,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, kuma sai da na yi dariya da Babaji ya miƙo mini ita kamar ya kawo sammaci. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina nan tafe. Ya haƙurin rashin waya?

Na'urarka lafiyarta lau, kaya ne ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa. Duk kirtanin da ka taɓa, sai ta yi lissafin yadda zai fito a Babba, ta sake yin wani lissafin na Ƙarami, a lokaci guda. Da wannan kaɗai ta kusa cika. Ka zo ka ɗora mata amsa-kuwwa a kai, yaya ba za ta zube ba? Ɗan acaɓa ma in ya ɗauki mutum biyu aka ƙara masa buhun gero, ai tsayawa zai yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye ɗaya. Amma na san halinka, sai ka ce na ce ka yar da Baba. Saboda haka na haɗa hotunan biyu a kwamfuta suka zama fayil ɗaya, yana cikin memorin da ke ambulan ɗin nan. Na'urar za ta yi lissafi sau ɗaya, ta fitar da muryar duka biyun ta hanya ɗaya. Sai dai ka sani, babu sauran dama da hagu, kuma ba ka iya ɗaga ɗaya ka sauke ɗaya a filin biki. Ban samu na saurara da kyau ba, a ofis na yi shi oga yana zirga-zirga, amma lissafi ba ya ƙarya.

Ka kwantar da hankalinka, ka ci abinci. Allah Ya rufa asiri.

Ƙanwarka,
Furera

Ƙofar Kwaya
Alhamis

Furera,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Lissafinki ya yi ƙarya. Yau muka yi gwaji a shagon Malam Bala, na sa fayil ɗinki gaban kowa ina alfahari. Gaskiya jita ba ta yanke ba, amma abin da ya fito ba muryar Baba ba ce. Wata 'yar siririyar murya ce kamar rediyon mai shayi, duk kaurin Babba ya ɓace, daɗin Ƙarami ya ɓace. Na murɗa na murɗa, sai ƙara tsiwa take. Masu kalangu suka sunkuyar da kai. Mubarak kuwa sai ya ɗora hannu kan fiyano ya buga ainihin abin da nake bugawa, a hankali, wai yana gwada na'urarsa.

Malam Bala ya ce, "Wanga shi ne gyaran? To ai gara mai yankewa." Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Yanzu ki faɗa mini yadda zan yi. In na koma biyun, ta yanke a sabuwar waƙa. In na sa naki, a ce jitata ta mutu. Na gwada Babba shi kaɗai, ya yi dum-dum ba haske. Na gwada Ƙarami, ganguna suka danne shi. Kika ce ba ki saurara ba! Aikin mutum fa kike wasa da shi, ba jarrabawar makaranta ba. Raina ya ɓaci, shi ya sa rubutun ya karkace.

Babaji zai kawo miki wannan gobe, amma ya ce ba zai juyo ba sai Lahadi. Ban san ta inda amsarki za ta zo ba.

Allah Ya kyauta.
Sada

Kaduna
Asabar da safe

Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Da yake babu mota, na nemi lambar Malam Bala na turo wannan wasiƙa da sabon fayil ta wayarsa. Malam Bala, ina gaisuwa, na gode da ɗawainiya, don Allah a miƙa masa da wuri.

Yaya, ka yi haƙuri, kana da gaskiya. Na buɗe hotunan biyu na jera su a fuskar kwamfuta, sai na ga na Babba ya fara da hawa, na Ƙarami ya fara da sauka. Wato in wannan ya tura, wancan ja yake. Can da suke fita ta hanyoyi dabam ba ka ji ba, amma da na zuba su wuri ɗaya sai suka cinye juna.

Na daɗe ina tunanin dalili kafin na tuna. Baba ba ya jera su gefe da gefe. A bakin zaure yake kafa su baya da baya, Babba ya fuskanci maza a waje, Ƙarami ya fuskanci mata a cikin gida. Shi ya sa ya juya wayoyin Ƙarami, ja a gurbin baƙa, don su riƙa motsi tare. Ni kuwa ta gaba na ɗauki kowanne. Mu da muke cikin gida Ƙarami muka tashi muna ji, ku na waje Babba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Na kifa hoton Ƙarami na sake haɗa su, na saurara har sau ba adadi. Baba ne sak. Kuma fayil ɗin ya yi sauƙi ƙwarai, ko wace ƙaramar na'ura aka zuba shi za ta ɗauka ba tare da nishi ba. Ka taka amsa-kuwwarka yadda kake so.

Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a tashi lafiya.

Ƙanwarka,
Furera

Ƙofar Kwaya
Talata

Furera,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na gode, Allah Ya yi miki albarka.

A bikin Asabar jita ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Tsofaffi sun taso daga kujerunsu suna tambayar wa ya gyara akwatunan Habibu. Malam Bala ya rungume ni gaban jama'a.

Jiya na bi ta shagonsa. Tun daga bakin titi na ji muryar Baba tana tashi, alhali jitata tana rataye a kafaɗata. Na leƙa, Mubarak ne a kan fiyano, sun saya masa wata 'yar na'ura sun zuba fayil ɗin da kika turo ta wayar Malam Bala. Malam Bala bai kalli idona ba, ya ce ba sai na zo gwajin Alhamis ba, zai neme ni.

Ba laifinki ba ne, kada ki sa a ranki. Inna ba ta sani ba tukuna.

Yayanki,
Sada