Kwikwiyonka da Kan Kifin Kalmalo

Zuwa ga ƙanena Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki da zaman Ikko? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Illela lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Bayan gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Kwikwiyon da ka bar mana don gadi ya gama da lambun bayan ɗaki. Tumatir, yakuwa, har ɗan zogalen da Baba ya dasa kafin rasuwarsa, duk ya tone su. Na zuba barkono a ramukan, ya yi atishawa ya ci gaba. Na ɗaure shi, ya hana unguwa sakat da kuka.

Sai jiya na gane dalili, da na gan shi da kan tarwaɗa a baki. Wa ya ce in riƙa binne kan kifin tafkin Kalmalo a gindin shuka, wai taki ne? Kai ne, ta waya. Ka ba ni kare, ka sa na binne mishi abinci ƙarƙashin kowace shuka. To, mi kake so ya yi?

Na tone sauran kifin, na cike ramukan da duwatsu. Zogalen Baba dai ya bushe, Inna ta daina leƙa bayan ɗaki.

Ka gai da Hadiza, ku sa mu a addu'a. In za ka zo da Sallah, ka taho da irin zogale. Shawararka kuwa, ka bar ta a Ikko.

Yayarka,
Hajara