Alwala a Kan Sabon Siminti

Laraba da dare, Birni

Yau Malam Isa magini ya gama gyara daɓen simintin tsakar gida da ya tsattsage. Da zai tafi ya ce, "Inna, sai kin shayar da shi kwana bakwai, in ba haka ba zai sake fashewa."

Da wane ruwan? Famfo ya fi wata bai ɗiga ba.

Sai na kai butata can, na yi alwalar magariba da lisha a kansa. Haka marigayi maigida ya sa muka yi shekarar da aka zuba shi, mu tara, ya sha ya ƙoshi. Yanzu fari ya kore yaran Kano.

Na haska fitila ɗazu. Inda ya jiƙe bai kai faɗin faifai ba.