Biskit Mai Ƙarnin Kifi

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Baba? Dusar ƙanƙara ta fara sauka a Aomori? Ni lafiya ƙalau a Osaka, ɗakin ne dai shiru ya yi masa yawa.

Ranar Lahadi na gayyaci abokan aikina, Hatsue da Kanako, mu yi biskit tare. Su ne baƙina na farko cikin shekara uku. Sai da muka gama kwaɓi na tuna ba ni da tanda, muka zura shi a gurbin gasa kifi na ƙarƙashin murhu.

Mama, ƙarni! Ni kaina da ƙyar na haɗiye. Amma Hatsue ta cinye biyu ta ce, "Kai, Chizuru, ban taɓa cin irinsa ba." Kanako ta ce in rubuta mata yadda ake yi. Ba wadda ta yi dariya. Na zuba musu sauran a kwanuka suka tafi.

Ke kika koya mini ba a mayar da kwano babu komai. To, yau Hatsue ta dawo da nata, da gasasshen kifi biyu a ciki. Ta ce, "Sai Lahadi," ta wuce abinta.

Zolaya ce? Godiya ce? Ko ɗayan nata ne, ranar Lahadi za ta zo mu ci tare? Na ci ɗaya, ɗaya yana firji. Ki amsa da wuri, Mama, kifi ba ya jira.

'Yarki,
Chizuru